Ranar da Na Riƙe wa Baba Kwalba

Har yau ban manta da ranar da na riƙe wa Baba kwalba a wata ruga da ke bayan Tarai ba, kuma ba na jin zan taɓa mantawa. Malamarmu ta ilimin halittu ce ta ce duk wadda ta yi wani aiki lokacin hutu ta rubuta abu ɗaya da ta gani, don ƙannenmu na ƙungiyar noma da kiwo su karanta. Ni ba na iya tsayawa gaban aji in yi magana, muryata maƙalewa take yi. Shi ya sa na ji daɗi da aka ce a rubuce ake so.

Mahaifina ma'aikacin asibitin dabbobi ne a Kibiya. Mutane na kiransa Likita, shi kuma kullum yana gyara musu, yana cewa likita yana Rano, shi mataimaki ne. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, mataimaki shi ke yin allurar rigakafi, ya wanke rauni, ya ba da maganin tsutsa, ya karɓi haihuwa idan ta zo da gardama. Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya buga wa likita waya, ko dai likitan ya zo, ko ya faɗa masa yadda zai yi.

A babban hutun da na gama aji ɗaya na babbar sakandare, abokin aikin Baba ya tafi kwas, aiki ya yi masa yawa. Na roƙe shi ya riƙa tafiya da ni. Ya dube ni, sannan ya ce, "Ummi, aikin nan fa akwai kashin shanu." Ummi yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce na sani. Washegari ya ba ni tsohuwar rigar aikinsa, na naɗe hannayenta sau uku.

Aikina shi ne dafa sirinji da allurai, da jera akwatin magani, da rubuta sunan mai dabba da irin ciwon a babban littafi. Akwatin na ƙarfe ne, kore, marfinsa ya lotsa a gefe ɗaya, ana ɗaure shi a bayan babur da robar taya. A kusurwarsa akwai wata babbar kwalba da Baba ya sa cikin tsohuwar safa don kada ta fashe. Ran da na tambaye shi, ya ce ruwan kalsiyam ne, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, wanda kuma yake da yawa a cikin madara. Ya ce a duk shekarunsa na aiki sau biyu kawai ya taɓa sa wa saniya shi a jijiya, domin shanunmu ba su cika buƙatarsa ba. Idan kwananta ya ƙare sai ya sauya wata, ya mayar cikin safar.

Ranar da nake magana a tsakiyar damina ce. Da hantsi aka bugo waya cewa saniyar Goggo Dije ta haihu shekaranjiya, yau kuma ta kasa tashi. Goggo Dije dattijuwa ce, Bafillatana, mijinta ya rasu, suna zaune a rugarsu tun kafin a haife ni, suna noma suna kiwo. Hanya ta yi taɓo, dawa ta fi mu tsawo dama da hagu. A wani rafi sai da na sauka, Baba ya tura babur, ni kuma na rungumi akwatin na ƙetare.

Abin da na fara ji da muka isa shi ne ƙarar wasa wuƙa a kan dutse. Malam Buba ne, ƙanin Goggo, tsugune a gindin ɗorawa. Maza biyar ko shida sun kewaye saniyar. Kakan Baba Babarbare ne, don haka shi da Fulani ba sa haɗuwa sai an taɓa juna da wasa. Malam Buba ya ɗago ya ce ga bawansu ya iso a makare kamar kullum. Baba ya ce ai ya gani, Bafillace ya shekara bai ci nama ba, miyau ne ya hana shi jiran likita. Aka yi dariya, amma gajeriya, kuma Malam Buba bai ajiye wuƙar ba.

Dole in bayyana maganar wuƙar nan, don ita ce kan komai. Idan dabba ta kusa mutuwa, abin da kowa ya sani shi ne a yi sauri a yanka ta tun da ranta. Idan aka makara ta zama mushe, ba mai ci, sai a ja ta daji. Saboda haka makiyayi ba ya zama yana kallon saniya tana shure-shure. Malam Buba ba mugunta yake yi ba, abin da ya gada yake yi.

Sunan saniyar Wule, saboda farin da ke goshinta. 'Yar ruwa biyu ce, uwarta farar saniya irin tamu, ubanta irin shanun Turai masu baƙi da fari. Wannan ce haihuwarta ta huɗu. Tana kwance a kan ƙirjinta, ta lanƙwasa wuya ta kwantar da kai a haƙarƙarinta kamar mai jin kunya. Idonta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Ƙuda sun sauka a gefen idon, ba ta ko ƙifta ba. Na lura hancinta ya bushe, alhali hancin saniya mai lafiya kullum da laima yake. Na taɓa kunnenta na ji shi da sanyi kamar randa. Kuma duk inda take kwance babu kashi ko ɗaya sabo. Ɗan maraƙin yana ɗaure a turke yana ta kuka, ita ko kunne ba ta motsa ba.

Wani daga cikin mazan ya zo da kwalbar ruwan kanwa zai ɗura mata. Baba ya riƙe hannunsa, ya ce saniyar da ba ta iya haɗiya, abin da aka ɗura mata huhu yake tafiya. Ya auna zafin jikinta ya ga ya yi ƙasa. Ya saurari zuciyarta, ya ce tana sauri amma da ƙyar ake jinta. Sannan ya juya ga Goggo, wadda ke tsaye can gefe ta rufe baki da gefen mayafi, ya tambaye ta yaya nonon Wule yake tun da ta haihu.

Ta ce, "To, Likita, ana dai samun na ɗan maraƙi."

Ya sake tambaya ta wata hanyar, ko an tatse ta da yawa. Ta dubi mazan da ke tsaye, ta ce ɗan kaɗan ne, ba abin faɗa ba.

Baba ya koma gefe ya buga wa likita waya a Rano, ni kuma ina kusa riƙe da akwati, ina jin komai. Likitan ya ce alamun sun yi kama da ƙarancin kalsiyam, amma hakan ya fi samun saniya mai nono da yawa wadda aka tatse tas bayan haihuwa. Idan nononta kaɗan ne, a fi zargin rauni a ƙugu ko ruɓa a mahaifa. Ya ja kunnen Baba cewa saniyar da ba ta rasa kalsiyam ba, idan aka zuba mata shi a jijiya, zuciyarta na iya tsayawa nan take. Ya ce shi ba zai iso kafin la'asar ba, Baba ne ke ganin dabbar, ya yanke abin da ya ga ya dace.

Na ga Baba ya shafa gemunsa sau biyu. Haka yake yi idan abu ya ɗaure masa kai. Ya ce zai duba mahaifa, in je in karɓo ruwan ɗumi da sabulu.

Na bi Goggo cikin gida, inda maza baƙi ba sa shiga. Ta tsaya a murhu tana juye ruwa, ta ce in shiga ɗaki in ɗauko roba a bayan ƙofa. Ɗakin da duhu-duhu, yana ƙanshin man shanu da hayaƙi. Da idona ya saba, sai na ga ƙore huɗu manya jere a ƙarƙashin gado, kowace an rufe ta da faifai. Faifan ɗaya ya zame. Ƙwaryar cike take har baki da madara mai kauri, mai ɗan rawaya, irin ta sabuwar haihuwa. Na san sauran shanun gidan sun tafi daji tare da garke saboda gonaki, Wule kaɗai aka bari. Ina tsaye ina kallo sai na ji inuwa a ƙofa. Goggo ce. Muka haɗa ido. Ta sunkuya ta gyara faifan, ta miƙa mini robar.

Daga ɗakin zuwa gindin ɗorawa bai fi taku arba'in ba, amma ban taɓa yin tafiyar da ta yi mini nisa haka ba. Na san dalilin Goggo. Kakata ma haka take, ba ta taɓa faɗin yawan ƙwan da kajinta suka yi ba. Ba a ambaton albarkar dabba a gaban mutane, don tsoron baki. Saniyar da ke cika ƙwarya huɗu a ruga, idan labari ya fita, kowa zai zo kallo. Idan na faɗa, na tona abin da dattijuwa ta rufe a ɗakinta, ni da ta yarda na shiga. Idan na yi shiru, ga Malam Buba can yana gwada kaifin wuƙa a gashin hannunsa. Ga shi kuma ni ko gaisuwa a gaban maza da ƙyar nake iya ɗaga murya.

Baba ya duba mahaifa, ya miƙe, ya miƙo hannaye in zuba masa ruwa. Na sunkuya sosai kamar ina gyara sabulu, na ce a hankali, "Baba, ƙwarya huɗu ne. Manya. A cike."

Bai dube ni ba. Ya ci gaba da cuɗa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya har na zaci bai ji ba. Sannan ya share hannu, ya ce wa mutane mahaifa lafiya lau take, ƙugu ma bai ji karaya ba, kuma akwai wani magani da yake so ya gwada. Ko kalma ɗaya bai ce game da nono ba.

Ya kira Goggo da Malam Buba ya faɗa musu gaskiya. Ya ce yana kyautata zaton maganin zai tashe ta, amma yana iya tsayar da zuciyarta kafin a kai wuƙa wuya, ta zama mushe. Malam Buba ya ce shi ya ga shanu da yawa sun lanƙwasa wuya haka, ba wadda ta kai azahar. Ya ce gara a yanka, a raba wa dangi, a yi sadaka, a san an ci halal, da a yi asara biyu. Maganarsa ta yi ma'ana, mazan duk suka gyaɗa kai.

Goggo ta kalli Wule. Ta ce wannan ce saniya ta ƙarshe da marigayi ya ɗaure da hannunsa. Sannan ta dubi inda nake tsaye, kallo ɗaya, na ji kamar in nutse. Ta ce, "A yi allurar. Buba, zauna kusa da wuƙarka."

Ga yadda ake yi. Ana sa kwalbar cikin ruwan ɗumi har ta yi daidai da zafin jiki. Ana ɗaure kan saniya a ja shi gefe don babbar jijiyar jinin wuya ta fito. Ana soka allura a jijiyar, a haɗa ta da kwalbar da siririyar roba, a kifa kwalbar. Idan aka ɗaga ta sama ruwan ya yi gudu, idan aka sauke ya rage, idan aka kai ta ƙasa da wuya ya tsaya. Dole ya shiga a hankali ƙwarai. Baba zai kasance tsugune da abin sauraren ƙirji a kunne, hannu ɗaya a kan allura, ba zai iya magana ba. Ya ce in riƙe kwalbar, in sa ido a kan ɗan yatsansa manuni na dama. Idan ya ɗaga, in ɗaga. Idan ya saukar, in saukar.

Wani ya ce a ba namiji ya riƙe, yarinya za ta gaji. Baba ya ce namijin zai tsaya kallon saniya, ita kuwa yatsa za ta kalla.

Na riƙe. Kumfa na tashi a cikin kwalbar ɗaya bayan ɗaya. Ban san akwai tabo a yatsan Baba ba sai ranar, wani ɗan fari kusa da farce. Kafaɗata ta fara zafi. Ruwan ya kusa rabi sai yatsan ya faɗi ƙasa da sauri. Na durƙusa har kwalbar ta taɓa ciyawa. Fuskar Baba ta canja. Malam Buba ya gani, ya matso a kan gwiwoyinsa, ya ce a juya ta alƙibla, ya kai hannu ga maƙogwaronta.

Goggo ta ce, "Buba, Likita bai ce ba tukuna."

Ba wanda ya sake motsi. Har kukan kurciya nake ji a cikin dawa. Ban san minti nawa aka yi ba, na dai san ƙafata ta mutu a ƙarƙashina. Can sai yatsan ya ɗago kaɗan, kamar faɗin ƙwayar gyaɗa. Na ɗaga kwalbar daidai haka. Ya ƙara, na ƙara.

Ni na fara ganin canjin, don fuskata na kusa da tata. Wasu 'yan ɗigon ruwa sun fito a kan busasshen hancin nan, ƙanana kamar raɓa. Fatar kafaɗarta ta soma karkarwa. Ta ƙifta ido, ƙudan suka tashi. Sai ta yi wata doguwar gyatsa mai wari, har mazan suka ja baya, sannan ta ɗaga wutsiya ta yi kashi. Baba ya cire abin sauraren daga kunne, ya ce wa Malam Buba ga rabonsa na nama nan ya fito, ya kawo ƙwarya. Wannan karon an yi dariya ta gaske.

Sauran maganin a ƙarƙashin fata Baba ya yi mata. Ya hana a tashe ta da ƙarfi. Muka zauna a inuwa, aka kawo fura. Wajen azahar aka kwance ɗan maraƙin, ya nufo ta yana tangaɗi. Wule ta yi wani ƙaramin gurnani, ta tattara ƙafafun baya, ta yi yunƙuri ta koma, ta sake yi, sai ga ta tsaye tana rawa kamar ita ce aka haifa shekaranjiya. Malam Buba ya mayar da wuƙar cikin kube yana ta tasbihi. Goggo ta je ta ɗora goshinta a wuyan saniyar.

Kafin mu tafi, Baba ya ja ta gefe inda ba mai ji. Ya ce kwana uku kada a tatse ta tas, kuma in ta sake ɗaukar ciki a daina ba ta kanwa idan haihuwa ta gabato, don tana hana jiki fito da kalsiyam daga ƙashi lokacin da ake buƙata. Goggo ta ce ita don ƙarfi take ba ta kullum. Ya ce ya sani. Da za mu hau babur ta kama hannuna ta matse, ta sake.

A hanya na tambayi Baba me ya sa rashin abin da ke cikin madara zai hana saniya tashi. Ya ce ƙafafunta lafiya suke, ƙwaƙwalwarta ma tana ta aiko saƙon a tashi. Amma tsakanin jijiyar da ke kawo saƙo da tsokar da za ta motsa akwai 'yar tazara. Saƙon kamar baƙo ne da ya iso zaure yana ta sallama, kalsiyam ne mai shigar da sallamar cikin gida. Nono ya kwashe shi daga jini, sai baƙo ya yi ta tsayuwa a waje. Na ce amma Goggo ta kusa kashe saniyarta da ƙarya. Ya rage gudu ya ce, "Ba ƙarya ta yi ba, Ummi. Kare ta take yi, ta hanyar da ta sani. Laifina ne da na tambaye ta a gaban mutane."

Bana a aji uku Malama ta zana mana abin a allo. A ƙarshen jijiyar saƙo akwai 'yan jakunkuna cike da wani sinadari. Idan saƙo ya iso sai wasu ƙofofi su buɗe, kalsiyam ya shiga, shi ne ke sa jakunkunan su matso su zubar da sinadarin a tazarar nan, ya ƙetara ya taɓa tsoka, ta motsa. 'Yan aji suna ta kwafa, ni kuwa hancin Wule nake gani.

Amma lokacin Baba ya riga ya kwanta. Watanni kaɗan bayan wancan hutun ya faɗi a bakin asibiti yana ɗaure akwati, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya bar aiki. Maganarsa ta dawo a hankali, hannun bai dawo ba. Ranar darasin, bayan kowa ya fita, na yi wa Malama tambaya, karo na farko tun shigata makarantar. Na ce ko akwai kwalbar da za a sa wa mutum irin Baba. Ta ajiye alli ta zauna kusa da ni. Ta ce a wurin saniyar saƙo yana isowa, mai shigar da shi ne babu. A wurin Baba kuwa, inda saƙon ke tasowa ne ya samu rauni. Ta ce da motsa jiki da haƙuri wani lokaci ƙwaƙwalwa kan nemi wata hanya, amma ba aikin rabin yini ba ne.

A hutun da ya wuce Goggo Dije ta zo gaishe shi, da ƙwaryar nono a ka, tun daga bayan Tarai. Wule ta sake haihuwa, ba ta kwanta ba. Ɗakin cike da 'yan dubiya. Baba ya tambaye ta, kalma ɗaya bayan ɗaya, yaya nonon Wule. Ta gyara mayafi ta ce ana dai samun na ɗan maraƙi. Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa. Ya dube ni, ya sauke hannun hagu gefen katifa inda ni kaɗai ke gani, ya miƙe yatsu huɗu.

Abin da na koya, ƙannena, shi ne dabba ba ta magana, mai ita kuma ba komai zai faɗa ba, kuma ba don yana raina ku ba ne. Ku duba kunne, ku duba hanci, ku duba ƙarƙashin gado idan an yarda kun shiga. Abin da kuka gani a ɗakin mutane ku yi aiki da shi, kada ku yi shela da shi. Idan za ku yi tambaya mai nauyi, ku ja mutum gefe.

Akwatin nan kore yana ƙarƙashin gadon Baba. An mayar da magungunan asibiti, sai safar kawai ta rage a kusurwa. Ina kewar ƙarar robar taya idan yana ɗaure shi, da warin rigar aikinsa, da bayansa da nake fakewa a kai idan iska ta yi yawa a hanyar Tarai. Idan na dawo hutu ni ke motsa masa hannun dama safe da yamma, yadda aka koya mana a asibiti. In na gama sai in ajiye shi a kan cinyata, in sa ido a kan yatsan nan mai ɗan farin tabo kusa da farce. Na iya jira. Shi ya koya mini.